Damin Goma: Koyar da Lissafi da Karan Gero da Marfin Kwalba a Ƙasar Roumbou

Kayan koyon lissafi na hannu su ne abubuwan da yaro yake ɗauka ya jera, ya ɗaure, ya kwance, ya rarraba, har ya ga da idonsa abin da lamba take nufi kafin a rubuta masa ita a allo. A manyan birane akan sayi irinsu a kanti, na roba ko na katako, masu launi iri-iri da tsadar gaske. A ƙauyukan Roumbou, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dakoro a arewacin jihar Maraɗi, inda gonakin gero suke haɗuwa da wuraren kiwon Fulani da Abzinawa, babu irin wannan kanti. Ko da akwai shi ma, uban da ya yi fama ya sayi littafin rubutu da biro ba shi da sauran abin da zai kai can. Sai dai kusan duk abin da aikin yake bukata yana nan zube a tsakar gida da bayan danga: karan gero, tsinken tsintsiya, ƙwallon aduwa da na dabino, marfin kwalbar lemo, gwangwanin tumatir, kwalin shayi, tsohon silifas, da robar cikin tayar babur da ta mutu.

Dalilin damuwa da batun a fili yake. A gwajin da shirin PASEC ya gudanar a 2014 a ƙasashe goma na Afirka masu karatu da Faransanci, ɗaliban Nijar da suka kai mizanin da ake nema a lissafi a ƙarshen firamare ba su cika kashi 10 cikin ɗari ba. Gwajin 2019 ya nuna an matsa gaba, amma har a lokacin mafi yawan yaran suna ƙasa da mizanin. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai zaci yaran karkara ba su da kan lissafi, kuma ranar kasuwa ɗaya ta isa ta ƙaryata shi. Yarinya mai tallan ƙosai, a ci mata na dala talatin da biyar a miƙo mata dala ɗari, kafin mai saye ya gama taunawa ta ƙirgo masa canjin dala sittin da biyar. Ita dai wannan yarinya, in aka rubuta mata 500 − 175 a allo, sai ta yi tsuru-tsuru, alhali shi ne lissafin da ta yi jiya da tire a ka. Abin bai tsaya a Nijar ba. A 1985 masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun wallafa abin da suka gani wajen yara ƴan talla a birnin Recife na Brazil, masu cin lissafi a bakin ciniki, su kasa shi da zarar an ba su takarda da fensir.

Abubuwa biyu ne suka shiga tsakanin yaron Roumbou da lissafin makaranta. Na farko shi ne kuɗi. A Nijar ba a kiran kuɗi da lambar da aka buga a jikinsu. Da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 25 sunansa dala biyar, mai 100 dala ashirin, takardar 1000 kuwa jika ce, wato dala ɗari biyu. Yaro yakan tashi yana ganin wata lamba a rubuce, kunnensa yana jin wata.

Na biyu shi ne harshe. An fara gwada makarantar harshe biyu a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a aji, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka, da Faransanci mafi yawan yara suke gamuwa da lissafin makaranta, kuma ƙidayarsa tana da murɗiya. A cikinsa saba'in “sittin da goma” ce, tamanin “ashirin huɗu”, casa'in kuma “ashirin huɗu da goma”. Yaron da aka ce ya rubuta quatre-vingt-treize ya rubuta 42013 maimakon 93 bai yi wauta ba, abin da kunnensa ya ji shi ya sa a allo. A nan Hausa tana da wata dukiya da ba a cika kula da ita ba. Ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in aro ne daga Larabci; tsohuwar ƙidayar ita ce gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu, kuma har yau ana jin “gomiya tara” a bakin mutanen Nijar. Wanda ya ce “gomiya tara da uku” ya riga ya faɗi yadda ake rubuta 93: tara a gidan gomomi, uku a gidan ɗaiɗai. Malamin da ya fara da wannan lafazi kafin ya kawo na Faransanci ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Mafi amfani cikin duk kayan hannu shi ne damin goma. Ana samun siririn karan gero na wajen kai, ko tsinken tsintsiya mai kauri, a yayyanka tsawon taƙin yaro, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ɗari da ƴan kai sun ishi ɗalibi ɗaya. A tsaga robar taya siri-siri ta zama maɗauri, in babu ita zaren buhu ko kaba sun wadatar. Dokar wasan guda ɗaya ce: duk lokacin da tsinkaye suka cika goma, sai a ɗaure su; ba a barin goma a warwatse. In dammunan goma suka cika goma, su ma a haɗa su a ɗaure, an sami babban dami na ɗari. Yaro da kansa ya kamata ya yi ɗaurin, domin wanda aka miƙa wa dami a ɗaure bai san abin da ke ciki ba sai da baki, wanda ya ƙirga ya ɗaure kuwa ya sani a hannunsa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Manomi da kaka yakan jera dammunan gero yana ƙirgawa, duk wanda ya cika na goma ya ware shi gefe na zakka ne, kuma ƴaƴansa suna tsaye suna kallo. Tun da can ma haka ake tafiyar da lamba mai yawa. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Tasawa, wadda take cikin jihar Maraɗi a yau, ya ga yadda ake ƙirga wuri: biyar-biyar ake jan su da yatsu, a tsiba su tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Tattara ƙanana su zama babba guda, shi ne dukan sirrin rubutun lamba, kuma mutanen yankin sun daɗe da shi a hannu.

Da dami a gaba, tarawa takan bayyana kanta. A ce 38 da 25. Yaro ya ajiye dami uku da tsinke takwas, ya ajiye dami biyu da tsinke biyar, ya haɗa. Tsinkayen sun zama sha uku, doka ta ce a ɗaure goma. Ya ɗaure, ya tura sabon damin wajen ƴan'uwansa, sai ga dami shida da tsinke uku, 63 ke nan. Ɗan “ɗaya” ɗin nan da malami yake rubutawa a saman lamba yana cewa an riƙe shi, wanda yara da yawa suke haddacewa ba tare da sun san asalinsa ba, shi ne damin da yaron ya ɗaure yanzu.

A ɗebewa ne amfanin ya fi fitowa, domin a nan yara suka fi faɗuwa. In aka ba ɗalibi 52 − 27 a rubuce, amsar da ta fi yawan fitowa daga wanda bai gane ba ita ce 35: ya duba biyu da bakwai, ya ga biyu ba ta isa a cire mata bakwai ba, sai ya juya ya cire biyu daga bakwai. Da kara a hannu wannan kuskure ba ya yiwuwa. Dami biyar ne da tsinke biyu a gabansa, ana bin sa tsinke bakwai, ba shi da su. Malami nagari yakan yi shiru a nan, ya bar yaron ya yi ta juya abin, har wani a ajin ya ce a kwance ɗaya. Da an kwance, dami huɗu ne da tsinke sha biyu. A fitar da bakwai saura biyar, a fitar da dami biyu saura biyu, amsa 25. Akwai wani abu da ya kamata malami ya lura da shi a wannan gaɓa. Malamai da yawa sun koyi ɗebewa ta wata hanya, wadda ake ƙara goma a lambar sama, a ƙara ɗaya a lambar ƙasa ta gidan gaba. Amsarta daidai take fitowa, amma ba ita hannu yake bi ba. Wanda ya sa yara suka kwance dami, sannan ya hau allo ya rubuta waccan hanya, ya ba su abubuwa biyu da ba su san juna ba. Abin da ya dace shi ne rubutun ya bi sawun hannu: a soke 5 a rubuta 4, a mayar da 2 ta zama 12.

Sifiri ma yana da maganinsa. Gwangwani uku a jere, ko da'ira uku da aka zana a rairayi, na dama gidan tsinke, na tsakiya gidan dami, na hagu gidan babban dami. Yaron da aka ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005 sai a ce ya ajiye ta a gwangwanaye. Babban dami ɗaya a hagu, tsinke biyar a dama, na tsakiya wayam. Gidaje uku ne kawai, don haka lambobi uku za a rubuta, kuma sifirin tsakiya shaida ce cewa akwai gida a nan amma ba kowa ciki.

Wannan hanya ta dami da tsinke ita ce ƙashin bayan lissafi a tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wanda ake rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauke shi. A Nijar ya tarar da shiri a ƙasa. Tun 2004 aikin “Makaranta Don Kowa”, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, ya fara daga jihar Tawa yana ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da aka sani da COGES, daga baya kuma aka shigo da darussan ƙarin lissafi bayan tashi daga aji, waɗanda mutanen gari suke taimakawa wajen gudanarwa. Inda irin wannan kwamiti yake da rai, tara kara da marafa aikin yini ɗaya ne.

Marfin kwalba aikinsa dabam ne. Ba ya ɗauruwa, amma yana jeruwa, don haka shi ne na ninkawa. A jera layi uku, kowane layi marfi huɗu, a kan ɓallen kwali: sha biyu. A juya kwalin gefe, ga layi huɗu na uku-uku, ba a ƙara ba ba a rage ba. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya ya gane cewa uku sau huɗu da huɗu sau uku abu ɗaya ne, kuma kusan rabin haddar jadawalin sau ta sauka daga kansa. Gurbin dara da dattawa suke haƙawa a gindin bishiya, layi biyar na rami shida-shida, talatin ke nan, kuma ramukan shuka a gona haka suke tafiya. Akwai wasan da ɗaliban manyan azuzuwa suke so: a ba su marfi sha biyu su nemo duk yadda za a jera su layi-layi ba gutsure, su samo biyu sau shida da uku sau huɗu; sannan a ba su bakwai, ko sha ɗaya, ko sha uku, su yi ta fama su tarar ba sa jeruwa sai a layi guda. Sun gano wani jinsin lambobi da masana suka daɗe suna nazari, tun kafin a gaya musu sunansa. Rabawa kuwa ƙwallon dabino ashirin da uku ne da gwangwani huɗu: kowanne ya sami biyar, uku suka yi saura a hannu, kuma ba wanda zai sake tambayar mene ne saura.

Da marfin kwalba kuma ake sulhunta dala da tamma. A manna ƴar takarda a bayan marfi a rubuta lambar da ke jikin kuɗin, 5 ko 10 ko 25 ko 50 ko 100, a cikinsa kuma a rubuta sunansa na kasuwa, 1 ko 2 ko 5 ko 10 ko 20. A kafa ɗan kanti a kusurwar aji da kwalayen shayi da na ashana da na sabulu da ba kowa ciki, wani ya zama mai kanti, sauran su zo saye. A yi cinikin da dala kamar yadda aka saba, sannan a juya marafan a rubuta shi da lambar makaranta. Ba a jima ba yara suke lura cewa kowace lamba ta baya ninkin ta ciki ce sau biyar, dala bakwai 35, dala tara 45. A wannan darasi ƴar tallan nan ita ce gwanar aji, kuma ya kamata a bar ta ta nuna hakan, domin sau da yawa ita ce ake yi wa kallon marar ƙoƙari saboda yawan fashi.

Awo ya fi kowane fanni sauƙin samun kaya. Kafin a ambaci mita, sai a sa yara su auna tsawon benci da taƙinsu, ko faɗin aji da takunsu. Wannan ya ce tara, wancan ya ce sha ɗaya, gardama ta tashi, kuma daga gardamar ake fahimtar dalilin da ya sa mutane suka yarda da ma'auni guda. Daga nan malami ya auna igiya ɗaya da mitar gaske, kowane rukuni ya yanki tasa a jikinta, a ƙulla ta gida goma. Ƙasar Dakoro ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfi, inda ake faɗin zurfin rijiya da gaba, kuma auna igiyar guga da gaba sannan da mita darasi ne da yaro zai kai gida ya ba da labari. Kwalbar lita ɗaya da jarka suna koyar da awon ruwa: kwalba nawa ke cika jarka, jarka nawa gida yake sha a yini. Sanda da zare da gwangwani biyu masu girma ɗaya sun zama sikeli, kuma tun da litar ruwa kilo ɗaya take yi, gorar roba mai lita ɗaya cike da ruwa ta isa dutsen awo. Tiyar gero kusan kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo ɗari yana ɗaukar wajen tiya arba'in. Gidan da ke cin tiya biyu kullum, kwana nawa buhu zai kai shi? Wannan tambaya ce da kowane yaro a Roumbou ya taɓa jin iyayensa suna yi wa juna a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Gutsuren lamba ana koyar da shi da ninkin takarda. Takardar buhun siminti da aka yanka zagaye a bakin faifai, a ninka sau ɗaya rabi, sau biyu rubu'i, sau uku sumuni. Sunayen nan, tare da sulusi da sudusi, su ne na rabon gado da malaman zaure suke karantarwa, don haka ba baƙi ba ne a kunnen gari. Abin da ke rikita yara shi ne yadda ɗaya bisa takwas ta fi ɗaya bisa huɗu ƙanƙanta alhali takwas ta fi huɗu; da an ɗora wannan yanki a kan wancan magana ta ƙare, gani ya kori ji. Siffofi kuma daga tsohon silifas ake yanka su, ba sa yagewa, ba sa jin ruwa. Turke da igiya suna zana da'ira a ƙasa kamar yadda magini yake fitar da gindin rumbu ko na ɗaki. In aka zagaya bakin faifai da zare, aka gwada zaren da faɗin faifan, zai yi sau uku da ɗan ɗori. A gwada da marfin tukunya, a gwada da bakin gwangwani, haka zai fito. Lambar 3,14 da ake haddacewa a aji na shida daga nan ta samo asali.

Ga yaran da suka yi gaba akwai wasan gida tara. A rubuta 1 zuwa 9 a marafa tara, a zana gidaje uku-uku a ƙasa, a ce su jera yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Sukan daɗe kafin su gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. Irin wannan jeri malamai sun san shi a hatimi, kuma wani malamin Katsina, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara shi a 1732, kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741. Yana da kyau ɗalibi ya ji wannan suna, ya san cewa an yi masanin lissafi a ƙasar Hausa da ake ambato har yau.

A Turai ma daga ƙarancin hali da wahalar yara aka faro kayan koyon lissafi na hannu. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Georges Cuisenaire, malamin firamare a Beljiyam, ya yanka sanduna masu tsawo daga santimita ɗaya zuwa goma domin ɗalibansa, ya bayyana hanyar a wani ɗan littafi a 1952. Karan dawa da wuƙa mai kaifi suna ba da kwatankwacinsu, yaro ya ɗora na bakwai da na uku kusa da na goma ya ga sun yi kai ɗaya. A 1966 masanin Amurka Jerome Bruner ya bayyana matakai uku da fahimta take bi: aiki da hannu, sannan hoto, sannan alama. Matakin tsakiya shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne mahaɗin. Bayan yaro ya ɗaure dami, sai ya zana shi a allonsa ko a rairayi, dogon layi a madadin dami, ɗigo a madadin tsinke, sannan ya rubuta lambar a ƙarƙashin zanen. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara sakamakon bincike 55, ya nuna cewa kayan hannu suna taimakawa, amma gwargwadon taimakon ya danganta da yadda aka koyar da su, musamman jagorar da malami yake bayarwa. Kara shi kaɗai ba ya koyar da kowa. Ajin da aka zube wa yara marafa aka bar su, wasa suka yi. Ajin da malami ya tsaya gaba yana ɗaga dami ɗaya yara sittin suna kallo daga nesa, kallo suka yi.

Ajiya ita ce matsalar yau da kullum. Yawancin ƙauyuka suna da azuzuwan zana, waɗanda ake kafawa bayan girbi, ba ƙofa ba kabad. Gara tana cin kara, awaki suna shiga da yamma. Tara busasshen kara a cikin irin wannan aji ma ganganci ne. Gobarar da ta tashi a wata makaranta a birnin Maraɗi a watan Nuwamban 2021 ta ci ran yara fiye da ashirin a azuzuwan zana. Abin da ya fi shi ne kowane yaro ya sami ƴar jakarsa, wadda uwa ko ƙungiyar iyaye mata za ta ɗinka da tsohon zane ko buhun shinkafa, ya zo da ita ya koma da ita. Hakan yana da wata riba, domin ƙanne a gida sukan fara ƙirga da kayan yayansu, kuma ɗan makiyayi da ya bi dabbobi wata biyu yana tafe da nasa. An yi sa'a komawa makaranta a watan Oktoba tana zuwa daidai da kaka, lokacin da kara ya fi yawa. A wanke marafa da sabulu, a daddake bakin gwangwani da dutse kada ya yanki yatsa. Galan ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na dabbobi ba ta shiga aji ko an wanke ta, haka tsohon batir, kuma ƙananan ƙwallaye ba na hannun ƴan ƙasa da shekara uku ba ne, saboda haɗiya. A ajin da ya haɗa ɗan Hausa da ɗan Fulani da ɗan Abzinawa, dami yana da wata fa'ida: kowa yana iya kiran abin da ke gabansa da harshen gidansu, kuma lambar da za a rubuta ɗaya ce.

Saura sanin lokacin ajiye kayan. Yaron da ya kai aji uku yana ƙirga tsinke ɗaya-ɗaya domin ya haɗa takwas da biyar, kayan sun zame masa sandar dogarawa, kuma laifin na rashin matsa shi gaba ne. Akan gwada shi da rufe tsinkayen da faifai a ce ya faɗi amsa kafin a buɗe, ko a nuna masa ya cika goma tukuna, takwas da biyu goma, saura uku, sha uku. Alamar cewa ya ƙetare ita ce ya kai hannu zai kwance dami, sai ya fasa ya rubuta amsar. Daga nan zane ya ishe shi, bayan ɗan lokaci lamba kaɗai. Ana sake fito da kayan ne duk lokacin da sabon babi ya zo, kamar ranar fara rabawa mai tsawo ko lamba mai waƙafi, inda babban damin ɗari yake komawa ɗaya, damin goma ya zama ɗaya bisa goma, tsinke kuma ɗaya bisa ɗari.